Kaza da 'Ya'yanta a Kan Katangar Yamma

Matata ba ta taɓa roƙona zane ba. Ba ta taɓa cewa in sayo mata ɗankunne ko kwanon samira ba. Abin da na kawo shi take karɓa, ranar da ban kawo ba ta yi da abin da ke gidan. Sai da muka tsufa, idonta ya fara tafiya, sannan ta nemi abu guda a wurina. Ta ce tana so ta sake ganin Kaza da 'ya'yanta.

Taurarin nan nake nufi, ƙanana da ke cure wuri ɗaya, waɗanda ke fitowa ta gabas da kaka, su yi ta matsawa har bazara ta same su a yamma. Kowane manomi a ƙasarmu ya san su, ko da bai damu da su ba. Ita ta damu. Kakarta Bafulatana ce ta nuna mata su tun tana yarinya, kuma tun da aka kawo ta gidana ban san wani maraice da sama ta buɗe ba ta ɗaga kai ba. Tana kwashe tuwo tana kallo. Tana ɗaure awaki tana kallo. Ta san inda Zara ke tsayawa, ta san lokacin da Gamzaki ke fitowa. Idan Kaza ta fara faɗawa yamma da wuri sai ta ce, "Malam, ka gama kai takin nan, ta kusa tafiya." Ni kuwa in gama. Ban taɓa yin da-na-sani ba.

Ni haƙar rijiya na yi. Rabin rayuwata a ƙarƙashin ƙasa na yi ta, sama ba ta cikin abin da ya dame ni. Rijiya ta taɓa ruftawa da mu a wani ƙauye bayan Minjibir. An zaƙulo ni da rai, abokin aikina ba a fito da shi da rai ba. Tun daga nan ƙafata ta hagu ba ta miƙewa sosai. Matar nan ita ta yi jinyata, ta riƙe gidan da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli har na tashi. Ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya. Na faɗi wannan ne don a san wadda ta roƙe ni.

Ciwon idon a hankali ya zo. Ta fara tuntuɓe da turmi tana cewa ni na matsar da shi. 'Yarmu da ke aure a Bacirawa ta zo ta kai ta asibitin ido a birni. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu saura kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa abin gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Da suka dawo na tambaye ta abin da aka ce.

Ta ce, "An ce in kalli abin da zan kalla."

Ta wuce madafa ta ɗora tukunya.

Da bazara ta shigo, wani maraice na dawo daga sallar magariba na same ta zaune a bakin ɗakinta, fuskarta na kallon yamma. A gidanmu akwai wani fili tsakanin dalbejiya da rumbu, a saman katanga. Nan ne samanta na yamma.

Ta ce, "Na san tana nan. Ga ta can, ko?"

Na duba. Tana nan, daidai inda ta nuna.

"Ba na ganin komai sai kamar an shafa toka. Da zan gan ta sau ɗaya, rarrabe, kowane ɗa da wurinsa, da na huta."

Na ce, "To me zan yi miki? In hau in kamo ta?"

"Da ƙafar nan taka? Bari kawai."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Idan Kaza ta faɗi bana, sai kaka za ta dawo da maraice. Ni da ita mun san idon ba lallai ya kai kaka ba. Ba wanda ya faɗa.

Na kwana ina juya abin. Sai na tuna 'yan awon hanya da suka taɓa zuwa lokacin da za a yi titin da ya bi ta gefen garinmu. Suna da wani abu mai ƙafa uku da suke kafa ido a ciki. Ɗayansu ya taɓa barina na leƙa, na ga mutumin da ke can nesa da sanda kamar in miƙa hannu in cire masa hula. Na ce wanda ya ƙera wannan don kallon mutum, ba zai rasa ƙera na kallon sama ba. Na sayar da tunkiya guda, na hau motar birni.

Wurin masu tabarau na fara zuwa. Suka tura ni wurin masu kayan hoto, su kuma suka tura ni wurin wani Alhaji mai sayar da gwanjon kayan Turai a can cikin lungun kasuwa. Shagonsa cike yake da tsofaffin rediyo da agogon bango da kekunan ɗinki. Babarbare ne, mahaifinsa daga Barno ya zo, shi a Kano aka haife shi. Mutum ne mai fara'a, mai son zance. Ni ba na son zance.

Da na faɗi abin da nake nema ya ce sunansa madubin hangen nesa, kuma yana da iri uku. Ya fito da su ya jera a kan tebur. Akwai ƙarami mai ido biyu da ake riƙewa a hannu. Akwai gajere mai kauri, baƙi, bakinsa ya yi faɗin murfin kwanon sha. Akwai kuma dogo, fari, siriri, ya kusa tsawon taɓarya, da ƙafafunsa uku dogaye.

Ya ce, "Baba, me za ka kalla?"

"Taurari."

"Waɗanne?"

"Na sama."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ai ban ce na ƙasa ba. Kai za ka yi amfani da shi?"

Na ce eh. A garinmu namiji ba ya tsayawa a kasuwa yana ba baƙo labarin matarsa. Cefane mu muke yi, zane mu muke zaɓa, mu kai gida a karɓa. Ba a cewa mai kaya ga wadda za ta ɗaura, balle a kai ga ciwonta. Haka na taso na ga ana yi, haka na yi.

Na sa hannu a kan dogon. Lissafina mai sauƙi ne. Rijiya mai zurfi doguwar igiya take so, abin da ke nesa kuma dogon abu zai kamo shi. Alhaji ya ce wannan ya fi sauran jawo abu kusa, gaskiya ne, amma ɗan gilashin da ake kafa ido a kai guda ɗaya ya rage masa, sauran sun ɓace tun a hanya, kuma wanda ya rage ɗin mai ƙarfi ne ƙwarai. Na ce ai ƙarfi nake nema. Ya kafa shi a ƙofar shago, ya saita mini ƙarfen sabis na waya da ke can bayan kasuwa. Na leƙa na ga hankaka a kai yana gyara fiffike, har farin ƙirjinsa. Na ce a ɗaure mini.

A motar dawowa na sha tsiya. Wani ya ce, "Baba, farautar giwa za ka?" Wata tsohuwa ta ce a sauke ta in bindiga ce. Direba ya ce in 'yan sanda suka tsayar da mu, shi bai san ni ba. Na rungume abina.

Ranar akwai wata, 'yan kwanaki kaɗan da tsayuwa. Na kafa madubin a tsakar gida bayan magariba, na ce mu fara da watan tun da shi ba ya ɓuya. Nan na fara ganin matsala. Ƙafafun sirara ne, ko numfashi ka yi kusa sai abin ya yi ta rawa. Wurin kafa idon kuma yana can ƙarshen gindi, sai mutum ya tsaya ya ranƙwafa ya karkace wuya. Na riƙe mata kafaɗa ta ranƙwafa. Ta daɗe tana neman inda za ta sa idon, saboda ɗan filin da ya rage mata ƙarami ne, na madubin ma ƙarami ne, sai an haɗa su daidai.

Can ta ce, "La ilaha illallahu."

"Kin gani?"

"Ashe haka fuskarsa take. Duk ramuka, kamar wanda ya yi agana ya tashi. Bawan Allah, shekara da shekaru yana haska mu bai taɓa nunawa ba."

Ta kalla har ƙugunta ya gaji. Na ji daɗi, na ce kuɗin tunkiya bai tafi a banza ba. Sai ta miƙe ta ce, "To, Kaza."

Na juya madubin yamma. Da idona ina ganinta sarai a saman katanga, amma a cikin madubin baƙi kawai nake gani. Na yi sama, na yi ƙasa, gumi ya jiƙa mini riga. Da ƙyar na kama tauraro ɗaya, mai haske, yana rawa. Na ce ta zo maza. Kafin ta daidaita ido ya kusa fita ta gefe.

Ta ce, "Wannan ɗan tsako ne ya ɓata. Ina uwar? Ina sauran?"

Na ɗan matsar, wani ya shigo, na farkon ya fita. Haka muka yi ta yi. Ɗaya, wani lokaci biyu. Madubin ya jawo su kusa har sun fi ƙarfin bakinsa. Na san wannan kallon. Haka sama take idan kana ƙasan rijiya mai zurfi, ɗan zagaye kamar faifai, ko tsuntsu ya gifta ba ka ganinsa duka.

Ta koma ta zauna a kujerarta. Ba ta yi faɗa ba, ita ba ta faɗa. Tambaya take yi, wadda ta fi faɗa ciwo.

"Malam, ka gaya wa mai kayan wanda zai kalla?"

"A'a."

"Ka gaya masa abin da za a kalla?"

"Na ce taurari."

"Da wane ido aka gwada?"

"Nawa."

"Madalla. Gobe in za ka sayo mini takalmi ka gwada da ƙafarka."

Sannan ta fara jera abin da take so, kamar mai ba da saƙon cefane. Ta ce ita ba kusa take nema ba, faɗi take nema, a ga uwar da 'ya'yan gaba ɗaya. Ta ce haske take so, don idonta ba ya kama abu mai duhu. Ta ce a zaune za ta kalla, a wannan kujerar, kanta a sunkuye kamar mai tsintar shinkafa, don ba za ta iya tsayuwar zalɓe ba. Na ba ta labarin mai ido biyun. Ta ce hannunta rawa yake yi, kuma ido ɗaya gare ta, kada in sayo a yi asarar ɗaya.

Matar da ba ta taɓa taɓa irin wannan abu ba sai yau. Leƙa ɗaya ta yi ta san abin da ya dace da ita.

Ta ce, "Kuma ka gaya masa gaskiya. Ba zai cinye ni ba don ya ji ina da ciwon ido."

Na koma birni da dogon a kafaɗa, na tarar da shago a kulle. Maƙwabcinsa ya ce an yi wa Alhaji rasuwa, ya tafi Maiduguri ta'aziyya, ba a san ranar dawowarsa ba. Na zaga kasuwar ko wani na da irin gajeren. Babu. Na dawo da abina.

Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Da rana ina sharar gona, ina ƙona kara, da maraice in dawo in duba yamma. Kullum Kaza tana ƙara sauka kusa da katanga. Wata ya cika ya ragu. Zafi ya yi tsanani, aka fara ganin walƙiya can kudu. Na koma birni na sake samun ƙofa a rufe. Ita kuwa tana ɗiga maganinta safe da yamma, tana suyar ƙuli-ƙulinta da lalube, ba ta tambaye ni ko sau ɗaya ba. Wata rana na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi, ta wuce shi, ta dawo tana shafa ƙasa har ta same shi. Ta ɗauka ban gani ba. Na bar ta a haka.

Zuwa na gaba na same shi ya dawo. Na yi masa gaisuwa, muka yi addu'a ga mamacin, ƙanin mahaifinsa ne. Sannan ya kalli abin da ke kafaɗata.

"Baba, taurarin sun ƙi zuwa?"

Na ajiye. Maganar ta yi mini nauyi a baki, amma na fito da ita. Na ce ba nawa ba ne, na iyalina ne. Na faɗi abin da likita ya ce. Na faɗi Kaza. Na jera masa saƙonta yadda ta ba ni, ban rage ba.

Ya daina dariya. Ya ce, "Haba Baba. Da ka faɗa tun ranar, ai da ban bar ka ka ɗauki wancan ba. Wancan na wata ne. Kaza ba a matsa mata." Sai ya ce in maimaita saƙon. Na maimaita. Ya girgiza kai. "Wallahi masu karatu suna zuwa nan ba sa yi mini bayani haka. Hajiyar nan 'yar ina ce?"

"'Yar garinmu. Kakarta Bafulatana."

"Shi ke nan! Na san za a rina. Wa zai mayar da kaya daga ƙauye har birni in ba Bafulatana ba? Ka ce mata ubangidanta Babarbare ya ji, zai taimaka mata saboda Allah."

Ya ɗauko gajeren baƙin. Ya ce a Turai masu kallon tsuntsaye ke amfani da irinsa. Ya nuna mini faɗin gilashin gaba, ya ce nan ne aikin yake, ba a tsawo ba. In ana ruwa, baho ya fi kwalba tara ruwa, haka faffaɗan gilashi yake tara haske. Wurin kafa idon a karkace yake yana kallon sama, mutum na zaune zai sunkuya ya leƙa. Yana da wani zobe da ake murɗawa a ƙara ƙarfi ko a rage. Ya mayar da shi can ƙasa, ya ce kada in kuskura in ƙara. Ya shiga ciki ya daɗe yana bincike, ya fito da wasu ƙafafu gajeru masu nauyi, na masu ɗaukar hoto, ya ɗaura shi a kai, ya girgiza, ko motsi.

Ya sa ni na zauna a kan wani akwati mai tsawon kujerar mata na leƙa. Wannan karon ƙarfen sabis ɗin duka na gani, da rufin gidajen da ke gefensa, tas.

Ya ce, "Saura abu biyu. Kada a kunna tocila ko fitila kusa da ita, a bar idon ya saba da duhu. Sannan wannan ɗan kunnen da ake murzawa har abu ya fito sarai, kai ka nemo mata Kazar, amma ita za ta murza da hannunta. Idonka daban, nata daban."

Na ce na riga na ji wannan karatun a gida.

Ya karɓi dogon, ya ba ni gajeren, bai nemi ƙari ba. Na yi masa godiya yadda na iya. Ban iya da yawa ba.

Da na isa gida na ba ta saƙonsa. Ta ce, "Ubangidan wa? In ka koma ka ce uwargijiyarsa ta yaba, ya yi hankali." Ta shafa madubin tun daga baki har gindi, ta ɗora ido a wurin, ta ce wannan ya san da zaman tsofaffi.

Muka jira magariba. Na kafa shi a bakin ɗakinta. Da rana ta faɗi sama ta daɗe da ja, ba a ganin komai. Ina tsaye ina jiran duhu. Da duhun ya fara kamawa na hango Kaza, dishi-dishi, tana taɓa kan katanga. Kafin in saita ta shige baya. Mun makara. Katangar ta riga mu.

Na ce gobe in kama hannunta mu fita gonar bayan gida, can babu abin da zai tare.

Ta ce, "A'a."

"Don me?"

"In zauna a tsakiyar gona da wannan abu, gari ya kewaye ni ana sannu Inna, Allah ya sawwaƙe Inna? Ni za a kalla ko ni zan kalla? A nan na saba ganinta, daga bakin ɗakina."

"To katanga ta tare."

Ta ce, "Wa ya gina katangar?"

"Ni."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta tashi ta shiga ɗaki.

Katangar ƙasa ce, bayanta gonarmu. Lokacin nan kowa a gari yaɓe yake yi, ana toshe tsaga kafin ruwa ya sauka. Wanda ya buɗe kan katanga a bakin damina ya san abin da ya jawo wa kansa, ruwa zai shiga ta nan ya ci ta har gindi. Na san haka, ita ma ta sani. Da gari ya waye na ɗauko digata ta haƙar rijiya, wadda na daɗe ban taɓa ba, na jingina tsani.

Maƙwabcina yana wucewa da jakinsa ya tsaya. "Malam, lafiya? Mutane na yaɓe kai kana rushewa?"

"Iska nake nema."

"Za ka same ta, har da ruwa."

Na sare tsakanin dalbejiya da rumbu, na sauke ta zuwa daidai ƙirjina. Ita tana ƙasa tana ba da umarni. Ba ta ganin katangar sosai, amma ta san inda Kaza ke faɗawa. "Ƙara ta wajen rumbu. Ta nan take sauka." Na ƙara. Na sare wani reshen dalbejiya da ya leƙo. Ta kawo mini kunu, ta ce in sauko a hankali kada a ce ta kashe miji saboda tauraro.

Da yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganye. Na yi sallar magariba a gida ranar. Yamma dai a buɗe take. Ta hana a hura wuta, ta ce tuwo ya jira. Ta zauna a kujerarta ta rufe ido da gefen mayafi don ya saba da duhu, kamar yadda Babarbaren ya ce. Ni na durƙusa a kan ƙafata mai lafiya ina dubawa ta gibin da na sare.

Jan sama ya dushe. Na gan ta, ƙasa-ƙasa, a saman itatuwan da ke ƙarshen gonaki. Na juya madubin, ban sha wahala ba, ta shigo gaba ɗaya. Na ɗaure. Na ce, "Bismillah."

Ta sunkuya. Ta nemi wurin da idonta, ta samu. Na ɗora mata yatsu a kan ɗan kunnen. Ta murza gaba, ta murza baya, ta sake yin gaba kaɗan. Sai hannun ya tsaya.

Na jira. Iska na kaɗa mata mayafi, tsawa na yi a bayanmu, awaki na kuka a turke, ba ta ɗago ba. Na ji tsoron ko ba ta gani ne take jin kunyar faɗa.

Na ce, "Ke, akwai?"

"Yi mini shiru, Malam."

Na yi. Can ta fara magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. "Ga ki nan. Ga ki nan, 'yar nema. Ashe haka kika tara su. Duk waɗannan naki ne? Ga wasu ƙanana a ƙarƙashi, a jere, ko kakata ba ta san da su ba." Ta yi salati. Ta yi dariya. Ta ce farare ne amma da ɗan shuɗi-shuɗi, kamar an wanke su da bula.

Idan suka matsa gefe sai ta ce, "Suna gudu," in taɓa madubin kaɗan in dawo da su. Muka yi ta haka har suka sauka cikin itatuwa, suka dushe ɗaya bayan ɗaya. Ta bi na ƙarshe har ya shige. Sannan ta ɗago, ta goge idon da bakin zane, ta ce ruwan maganin ne.

Ta ce, "Kai ka gani kuwa?"

"Na gani lokacin da nake saitawa."

"Saitawa ba gani ba ce. Da kaka ka zauna ka kalla kamar mutum." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Alhamdu lillahi. Na gan ta. Ɗauke abin nan kafin ruwa, ka hura mini wuta."

A daren aka yi ruwan fari. Ya ci gefen gibin kamar yadda maƙwabcina ya faɗa. Washegari ma hadari ya rufe yamma, daga nan ba a sake ganin Kaza ba sai kaka. Na kafa zana a wurin, muka yi shuka.

Idon ya kai ta har gero ya fitar da kai. Wata safiya ta tashi ta ce in kama hannunta zuwa bakin randa. Idon ya tafi ke nan. Cikin mako ta koyi tsakar gidan da ƙafa, ta koma suyarta.

Da kaka ta yi na gaya mata Kaza ta fito ta gabas. Ta ce in kafa madubin, in aika a kira matan maƙwabta, su ba su taɓa gani ba. Suka zo bayan magariba suna ture juna suna dariya. Ni na saita na koma zaure. Daga can ina jin muryarta, tana zaune a gefe tana ɓarar gyaɗa, tana gaya wa kowacce abin da za ta tarar in ta sunkuya.